Baba, ka zauna tukuna: amsa ga dattijon da kullen korona ya ritsa da shi a Birmingham, Janairu 2021

Assalamu alaikum. Ni dattijo ne ɗan shekara 71, haifaffen cikin birnin Kano. Karatu ya kawo ni Ingila a 1983, aiki ya riƙe ni har na yi ritaya a 2019. Uwargidana ta rasu shekara uku da suka wuce, a nan aka binne ta, yanzu ni kaɗai nake zaune a Birmingham. Niyyata in riƙa gudun sanyi zuwa Kano, in gari ya yi ɗumi in dawo. Sai ga korona. A watan Afrilun bara Yayana ya rasu, wanda ya riƙe ni bayan mahaifinmu, ta waya na ji ana ɗaukar makara. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce a nan garin. Tun Maris ta hana ni masallaci, ta hana ni kasuwa, cefane a bakin ƙofa take ajiyewa ta ja da baya. Jikokina biyu a waya nake ganinsu. Ina da ciwon suga. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya mini daɗi, wata ran sai azahar ta yi ban yi magana da kowa ba, in na ɗauki waya sai in ji muryata ta dishe. Ƙannena suna cewa in taho, can ana ta biki ana Juma'a, babu wata korona, ga gidana saura fenti. An aiko mini takardar allurar rigakafi, na ajiye ta a kan firij, don abin da nake ji a WhatsApp ya sa jikina ya yi sanyi. Makon jiya na ce wa 'yata zan sayi tikiti, ta ɗaga mini murya karo na farko a rayuwarta, ta ce babu inda zan je. Na kashe wayar. Kwana shida ke nan ba mu yi magana ba, leda kawai nake tararwa a ƙofa. Ni dai gara in mutu a gida a rufe ni kusa da iyayena da in rayu a kurkuku. In tafi ko in zauna?

Dattijo a Birmingham, Janairu 2021

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan Hajiya, ya jiƙan Yaya, ya sa sun huta, ya ba ka haƙurin rashinsu. Ni ɗanka ne a haife, in maganata ta yi tsauri a yafe mini.

Inda na fi daɗewa a wasiƙarka shi ne maganar dishewar murya. Mutumin da ya tashi a cikin birni, inda daga ƙofar gida zuwa masallaci sai ka gaisa da mutum goma, a ce yau hita da talabijin ne abokan zamansa, rana kuma ta faɗi tun ƙarfe biyar ba ta yi ba. Duk wanda ya ce maka wannan ƙaramin abu ne, bai ɗanɗana ba. Ga rasuwar Yaya da ba ka samu ka hau tabarmar makokinta ba. Mu a wurinmu zaman makoki ne yake rage wa mutum nauyi: a shigo, a yi addu'a, a ce "ya haƙuri?", ka amsa sau ɗari, har zuciya ta yarda an yi rashin. Kai ba ka samu wannan ba, shi ya sa mutuwar take nan ɗanya bayan wata tara. Amma kada ka ɗora wa kanka laifi. Tun 23 ga Maris na bara Najeriya ta rufe filayen jirginta ga jiragen waje, ba a buɗe na Legas da Abuja ba sai 5 ga Satumba. Kanon ma a tsakiyar watan Afrilun aka kulle ta, na wata unguwa ma sau da yawa ta waya ya yi ta'aziyya. Babu hanyar da ka gani ka ƙi bi.

Ka ce ka tafi ko ka zauna. Ka zauna tukuna, Baba. Ban ce ka haƙura da Kano ba, gidanka ne kuma za ka je in Allah ya yarda. Aƙalla wata uku zuwa huɗu nake roƙo, ga dalilina.

Ƙannenka ba ƙarya suke yi ba da suka ce ana biki ana Juma'a. Abin da idonsu yake gani ke nan, kuma kewarka suke yi, ga babban gida ya faɗi, kai ne uba yanzu. Sai dai maganar "babu korona" ba ta tsaya da ƙafarta ba. Ka tuna watan da Yaya ya rasu, masu haƙar kabari ne suka fara cewa aikin ya yi musu yawa. Daga baya, a watan Yuni, ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an lissafa mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin, yawancinsu dattawa, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa korona ce sanadi. Ban ce ita ta ɗauki Yaya ba, Allah ne masani. A watan Afrilun ne kuma, ranar 17, ta ɗauki Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, da duk kulawar da ya samu. Tun Disamba cutar ta sake tasowa a Najeriya, asibitocin Legas da Abuja suna kukan ƙarancin iskar oksijin, allurar rigakafi kuwa har zuwa wannan Janairu na 2021 ba ta sauka a ƙasar ba.

Ka kuma duba tafiyar kanta. Kullen da aka sa a Ingila tun 6 ga Janairu bai yarda da fita ƙasar waje ba sai da dalili mai ƙarfi. In ma ka samu, ga gwaji kafin tashi, ga hanyar Landan, ga awa shida a cikin jirgi zuwa Abuja, ga wani jirgin ko mota zuwa Kano, sannan a ce ka killace kanka kwana bakwai. Nan ne nake murmushi. Baba, a Kano? Wa zai tsaya a zaure ya hana ƙanwarka shigowa da kwanon tuwo? Ranar da ka sauka dangi da maƙwabta za su cika gidan, kowa ya miƙo hannu biyu, 'ya'yan Yaya su zo su durƙusa suna kuka, kai kuma ba za ka iya janye hannunka ba, kuma bai ma dace a sa ka a wannan matsayin ba. Ingila ba tudun mun tsira ba ce, ranar 26 ga watan nan waɗanda cutar ta kashe a Birtaniya suka haura 100,000. Amma a nan kana da ƙofar da kai ke da mukullinta, da likitan da ya san tarihin suganka, da takardar allura a kan firij.

Na san zuciyarka tana cewa ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Haka ne. Abu Ubaida ma abin da ya faɗa wa Sayyidina Umar ke nan, lokacin da Umar ya kama hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke can, ya ce a juya. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za a yi? Umar ya ce e, daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sai Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin da ya ji daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta same ku a cikin wata kada ku fita don guje mata. Son a rufe mutum kusa da iyayensa ba aibi ba ne, yawancinmu na waje da shi muke kwana. Sai dai ƙarshen Suratu Luƙman ya riga ya gaya mana babu ran da ya san a wace ƙasa zai mutu. Hajiya ma a Birmingham ƙasarta ta kira ta.

Yanzu ga 'yarka. Ta yi kuskure, ba na ɓoye maka. Ba a ce wa uba "babu inda za ka je", kuma wata goma tana yanke maka hukunci ba tare da ta ce "Baba me ka gani?" ba, ko da niyyar alheri ne, ya isa ya sa dattijo ya ji an mayar da shi yaro. Ina jin wannan ma ya fi rashin masallacin ci maka rai. Mutumin da shekara talatin da wani abu shi yake ɗaukar nauyin kowa, yau a ajiye masa leda a ƙofa a ja da baya.

To amma ka tsaya a inda take tsaye. In ta ajiye ledar ta koma baya taku uku, ka taɓa duba fuskarta da kyau? Masu aikin asibiti a wannan lokacin, takunkumi yana barin musu shaida a karan hanci da kumatu, awa goma sha biyu yana ɗaure. Ita ta san abin da alƙaluma suka nuna, cewa a farkon annobar kusan ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu a asibitocin Ingila masu ciwon suga ne, kuma rahoton hukumar lafiyar jama'a na watan Yunin bara ya nuna baƙaƙen fata sun fi shiga haɗari. Ba a takarda ta karanta ba ma, a kan gado ta gani. Dattijo baƙar fata mai suga, shekara saba'in da ɗoriya, duk wanda aka turo mata irinsa kai take gani. Kuma abin da ba ta faɗa maka ba, tsoron da ya fi kowanne, shi ne a ce ita ta ɗauko cutar daga wurin aiki ta kawo wa ubanta. Yarinyar da ta rufe uwarta shekara uku da suka wuce. Ihun da ta yi maka, kukan marainiya ne ya fito ta hanyar da ba ta dace ba. Ka lura kuma, kwana shida kuna fushi, ledar ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya.

Babba juji ne, Baba. Kai za ka kira ta, kuma yau. Kada ka fara da maganar tikiti. Ka tambaye ta aiki, ka tambaye ta ko tana samun barci, ka saurara. Bayan nan ka gaya mata a fili cewa ka ji zafin yadda ta yi maka magana, ka yafe, amma daga yau duk abin da ya shafi zamanka da kai za a yi shawara. Sai ka nemi abu biyu da dokar kullen nan na Janairun 2021 ma ta ba ka. Ɗaya, ana barin mutum ya fita motsa jiki sau ɗaya a rana, har da mutum guda na wani gida, in dai a sarari ne kuma da tazara. Ranar da ba ta aiki ku haɗu a Cannon Hill Park ko wani fili da ya fi kusa da kai, ku taka tare, ko minti talatin ne. Ɗayan kuma, tun watan Yunin bara wanda yake zaune shi kaɗai yana da damar haɗewa da gida guda, su zama kamar 'yan gida ɗaya, ya shiga ya fita. Wataƙila ta san da wannan, tsoro ne ya hana ta. Kada ka matsa a yi yanzu. Ku sa rana tare: mako uku bayan allurarka ta farko ku sake zama a kan maganar, ita da ta san yanayin sashen da take aiki ta faɗi nata, kai ma ka faɗi naka. Abin da yake kashe gwiwa a kulle shi ne rashin sanin ranar fita, to ku yanka wa kanku rana.

Wannan ya kawo mu ga takardar kan firij. Ba zan raina shakkarka ba, don Bakano yana da dalilinsa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin magani a kan yara kusan 200 a Kano, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75, kodayake kamfanin bai amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Amma ka duba yadda wannan take tafiya. Ba a ɓoye ake yi ba, kuma ba a kan talakan Afirka aka fara ba. Wata tsohuwa 'yar shekara 90 aka fara yi wa, a Coventry, maƙwabtanku, ranar 8 ga Disamba, kuma tun daga nan miliyoyin tsofaffinsu sun karɓa. Ƙungiyar likitoci Musulmi ta Birtaniya ta bincika ta Pfizer da ta AstraZeneca, ta ba da shawarar a yi, kuma babu sinadarin alade a cikin ko ɗaya. A garinku ma, tun 21 ga watan nan, masallacin Al-Abbas da ke Balsall Heath ya zama wurin yin allurar. Masu turo maka saƙon murya ba su san sunan maganin suganka ba. Ka rubuta tambayoyinka a takarda, ka kira likitanka na unguwa, ka karanta masa su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kira 119, lambar kama ranar allura, ko ka sa 'yarka ta kama maka rana. A wannan Janairu na 2021 ana barin har mako goma sha biyu tsakanin ta farko da ta biyu. In ka yi ta farko a farkon Fabrairu, kafin ƙaramar salla ka gama.

Tunda za ka kira likitan, kada ka tsaya a allura. Ka gaya masa maganar barci da abinci kamar yadda ka gaya mini, ba tare da "alhamdulillahi da sauƙi" da muke rufe komai da ita ba. Rashin barci, rashin cin abinci, da tunanin mutuwa da yake yawan dawowa, alamomin ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne kamar suga, yana kama mai imani yana kama malami, yana kuma da magani. In ka taɓa jin rayuwar gaba ɗaya ta fita daga ranka, kada ka jira gari ya waye, ka kira 'yarka ko 111, lambar neman taimakon lafiya cikin gaggawa. Mai suga da ba ya cin abinci a kan lokaci kuwa yana iya faɗuwa babu kowa a kusa, wannan ma a faɗa wa likita. Ka tambaye shi bitamin D, don NHS, hukumar kiwon lafiya ta Birtaniya, tana ba da shawarar maikirogiram 10 a rana lokacin sanyi, masu baƙar fata ma duk shekara. Kuma ka riƙa fita da hantsi, lokacin da akwai ɗan haske, ko da gajimare ya rufe.

Masallaci kuwa, dokar wannan karon ba ta rufe su ba, wasu dai sun rufe don kansu. Ni shawarata ka jinkirta har allura ta zauna a jiki. Uzurinka karɓaɓɓe ne, ai ko don ruwan sama an taɓa cewa a yi salla a gida, Hajjin bara ma babu wanda ya shiga Makka daga waje. Amma maƙabarta a buɗe take. Ka ziyarci Hajiya, ka yi mata addu'a, ka haɗa da Yaya. Ka kuma ɗauki wani nauyi da sunansa, kuɗin makarantar ɗaya daga cikin 'ya'yansa ko jikokinsa, ko cefanen iyalinsa na wata. Wannan zumunci ne da ba ya bukatar biza.

Akwai aikin da yake jiranka, ina mamakin ba a ba ka shi ba tuntuni. An rufe makarantu tun farkon Janairu, jikokinka suna gida, uwarsu tana asibiti. Ka ce a ba ka su kullum bayan la'asar, minti ashirin ta bidiyo, lokaci tsayayye kamar na makarantar allo. Sura guda, kalmomin Hausa biyar, tatsuniya ɗaya. Za su yi maka dariya, za su ce "gizo" da harshen Turawa, wata ran za su gudu su bar wayar tana kallon silin. Ka daure. Sannan da dare, maimakon sauraron saƙonnin da suke hana ka barci, ka danna naɗar murya ka ba da tarihin gidanku: wane ne ya haifi wane, daga ina kakanku ya zo, wace sana'a aka gada, yadda unguwarku take kafin kwalta. Yaya ya tafi da nasa kason, abin da ya rage a kanka yake. Ka kuma nemi tsofaffin abokanka biyu ko uku, na nan da na gida, ku sa ranar majalisa ta waya, ko Juma'a bayan salla. Kai za ka fara kira, don kowannensu yana can yana jiran wani ya fara.

Maganar komawa gida gaba ɗaya, ka yi ta da alƙalami a hannu, bayan an buɗe gari. Fanshon gwamnatin Birtaniya zai bi ka Najeriya, amma yana daskarewa a kan adadin da ka tafi da shi, ba a yi masa ƙarin shekara-shekara da ake yi wa mazauna nan. In kana karɓar tallafin ƙarin fansho na masu ƙaramin ƙarfi, yakan tsaya in mutum ya wuce mako huɗu a waje. Asibiti kyauta na wanda yake zaune a ƙasar ne, wanda ya tare a wata ƙasa yana iya rasa shi. In kuma ba fasfon Birtaniya ne da kai ba, izinin zama na dindindin ne, shekara biyu a jere a waje tana kashe shi. Shi ya sa tsarinka na farko, sanyi a Kano ɗumi a Birmingham, nake ganin ya fi kowanne, korona ta jinkirta shi ne kawai. Gidan kuma da aka ce saura fenti, Allah ya sa haka ne. Ban zargi kowa ba, amma ka sa a zagaya da kai ɗaki-ɗaki ta bidiyo kafin ka sake tura ko sisi, kuma ka bar fentin sai ka je ka zaɓi launinsa da idonka.

Ƙannenka ka gaya musu gaskiya cikin daɗin rai: kana nan tafe, bayan allura ta biyu, in hanya ta buɗe kuma likita ya yarda, mai yiwuwa wajen babbar salla ko farkon sanyi. In ka samu hali ka tafi da 'yarka da yaran, su ga kabarin kakanninsu, ita ma ta yi wa iyalin Yaya gaisuwa. Ka faɗa mata wannan a kiran na yau, bayan kun gama gaisawa. Ledar gobe kuwa, in ka ji motsinta a ƙofa, ka buɗe tun ba ta juya ba, ka tsaya daga ciki da takunkuminka, ka tambaye ta ko ta karya.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Baba. Ka rubuto mini bayan allurar farko in ji yadda hannun ya kwana.